Ciyawar da Muka Hana Tumakinmu

Aikin farko da aka ba ni a kan dutse ba kiwo ba ne, ɗora duwatsu ne. Na fara da wannan ne saboda ku samarin unguwar Ka'akiyya ta nan Makka da kuke zama a bakin shago da lemo a hannu, ku ga motar tumaki ta wuce, ku ce wai makiyayi ai ba shi da wani aiki, sanda ce kawai da bin bayan dabba. Ranar nan na ji ɗaya daga cikinku yana faɗar haka da Larabci, a tsammaninsa kunnena ya mutu. Kunnena lafiya lau yake. Gwiwoyina ne suka mutu, kuma a kan duwatsun da ke gabas da Arfa na baro su. Sai ku gyara zama ku ji abin da ake kira kiwo.

Ta Sudan na zo Makka, wani wuri a ƙafa wani wuri a bayan lori, a farkon shekarun alif ɗari tara da sittin. Aka gama Hajji guzuri ya ƙare, igama, wato takardar izinin zama, babu, komawa gida kuwa sai mai hali. Ina kasuwar tumaki ina taya wani dillali riƙe igiya, sai wani tsoho siriri mutumin dutse ya ga yadda na ɗaga leɓen rago na duba haƙoransa. Ya sa aka tambaye ni ko na taɓa kiwo. Na ce a ƙasar Kazaure cikin tumaki na tashi. Sunansa Atiyya, amma kowa Ammi Atiyya yake ce masa, wato baffa. Muka yi sharaɗi cewa ci da sha nasa ne, kuma ina da rabo a cikin 'ya'yan da tumakin za su haifa. Wannan rabo shi ne albashina, shi ne kuma abin da nake sa rai zai mayar da ni gida wata rana.

Muka bi ta Wadi Nu'uman muka yi ta hawa har numfashina ya kusa ɗaukewa, sannan muka isa ƙauyensu, 'yan gidajen dutse a manne da gangare. Da safe ina jiran a buɗe mini garke, sai ya ce in biyo shi. Ya kai ni wani kwari mai faɗi tsakanin duwatsu biyu, ciyawa a cikinsa har gwiwa, alhali duk inda muka baro ƙasa tas take. Babu shinge babu ƙaya, tarin duwatsu ne kawai aka kewaye wurin da su, tsibi nan, tsibi can. Duk tsibin da birai ko ruwa suka rushe ni ne mai tsugunawa in sake ɗora shi, shi kuma yana tsaye yana nuna mini da bakin sanda. Na ce a raina tsohon nan ya sami lebura a banza. Sai da muka gama zagaye ya dube ni ya ce, "Ya Haladu, wannan ita ce hima. Ka san ta kafin ka san tunkiya ko ɗaya. In kura ta ci mini rago zan yafe maka. Amma in ƙafar dabbata ta tsallake dutsen nan kafin a buɗe, ka tattara ka sauka."

Hima ita ce abin da za mu kira hurumi a gida, sai dai tasu ta fi tamu tsanani. Ruwan samansu a lokacin sanyi yake zuwa, in ya ga dama. Da ya sauka sai a rufe kwarin, ciyawa ta girma ta yi fure, ƙudan zuma su sha, ta zubar da irinta a ƙasa. Akwai ranar da ake barin mata su shiga da lauje, kowace ta yanki abin da bayanta zai ɗauka, kuma sama-sama ake yanka, ba a tumɓuke saiwa. Dabba kuwa ba ta shiga sai an matsu. Ko an matsun ma sai shugaban ƙauye, wanda suke kira arifa, ya tara dattawa bayan sallar Juma'a sun amince, sannan shi da bakinsa ya tsaya a bakin kwarin ya ce an buɗe. In shekara ta yi albarka ba a buɗewa sam, a bar ta ta bushe a tsaye. Rumbunsu ke nan, sai dai a fili yake ba murfi.

Hukuncin wanda ya karya ma sananne ne. Sai a kama rago ɗaya daga garkensa a yanka, a dafa shinkafa, ƙauye duka ya ci, a kira mai ragon a zaunar da shi a gaba shi ma ya ci, shi ke nan magana ta mutu. Na ga an yi wa ɗan arifa na cikinsa. Uban ne ya zaɓi ragon da kansa, kuma wanda ya fi ƙiba ya zaɓa. Babu ɗan sanda a ciki, babu alƙali, kuma mutane suna tsoron wannan cin nama fiye da yadda kuke tsoron tara.

Ranar da aka sakar mini garke, sanduna biyu ya miƙo mini. Gajeriyar ta kiwo ce. Doguwar ta kakkaɓar ganyen kurna ce in ƙasa ta bushe, kuma akwai yadda ake bugawa ganye ya zubo reshe bai karye ba, don wanda ya karya reshe ya ci rabon baɗi. Ya rataya mini salkar fatar akuya, ya ba ni majajjawa. Ku kuna tsammanin dabba ake jifa da ita. A'a, gabanta ake jefa dutse, ya faɗi ya yi ƙara, sai ta juya da kanta, in kuwa ka kuskure ka karya mata ƙafa a kan dutse ka gama da ita. Na yi watanni ina jifan iska kafin hannuna ya faɗa. Sai kwaltar itacen ar'ar, baƙa mai wari, da ake shafa wa dabbar da ƙazwa ta kama. Warinta ba ya barin jiki, har in na sauko gari mutane kan matsa mini a sahun salla. Kullum da yamma kuma sai ka ɗaga ƙafar kowace tunkiya ka tone tsakuwa da ƙaya daga tsakanin kofato, don dutse ba yashin gida ba ne, 'yar tsakuwa tana gurgunta dabba.

Abin da ya fi komai kuwa shi ne ruwa. 'Yan rijiyoyi ne da ramukan dutse da ke riƙe ruwan sama. Ruwan nan shi yake yanke wa mutum yawan dabbar da zai ajiye da nisan da zai kai su. Komai kwaɗayinka ba za ka tara abin da rijiya ba za ta shayar ba. Ku riƙe wannan, don nan ne aka ɓalle mana ƙofa daga baya.

Ragunan da muka kiwata kafin Hajji muke saukowa da su. Mu ratsa Arfa babu kowa sai masu kafa tantuna, mu yada zango a Muzdalifa tun motoci ba su cika ta ba, mu shiga Mina mu jira masu hadaya. A nan na san halin masu saye. Wani zai matsa gadon bayan rago kamar mai zaɓen mangwaro, wani kuma girman ƙaho kawai yake kallo. Mutanenmu sun fi kowa ba ni dariya. Akwai wani alhaji Bakano da ya ga rawanina irin na mutanen dutse, ya yi ta fama da "kam haza, kam haza", wato nawa ne wannan, sannan ya juya wa abokinsa ya ce, "Ka ga ɗan banzan nan zai yanke mu." Na ce, "Alhaji, rago za a yanka, ba kai ba." Ya riƙe baki, ya rungume ni da warin kwaltar da komai, ya saya bai ƙara tayawa ba. Ragon dutse ba a haɗa shi da wanda aka sauke daga jirgin ruwa yana tari, kuma wanda ya taɓa cin namansa ya sani.

Sai shekarar da ruwa ya ƙi. Sanyi ya shigo, hadari ya taso ya watse, ya sake tasowa ya watse. Gangaren da muke kiwo ya koma jan dutse. Muka kakkaɓe kurna har ba abin kakkaɓewa. Tumakinmu duk da ciki, kuma tunkiya mai ciki in ta rame ɓari take yi, in ba a yi sa'a ba ta bi ɗan. Amma hankalin kowa a kwance yake, domin hima tana nan cike da busasshiyar ciyawar bara, kuma dattawa sun ce a ƙara daurewa kaɗan, a buɗe ta daidai lokacin haihuwa. Ran garken Ammi Atiyya, da rabona a cikinsa, duk a kan kwarin nan suka rataya.

A shekarun nan ne aka fasa dutse aka yi hanyar mota. Mun yi murna da ita da farko, don mara lafiya yana isa gari da wuri. Wata safiya na kewayo da garke ta bakin kwarin, sai na ji kukan tumaki daga inda bai kamata a ji ba. Na leƙa. Lorori a tsaye a ƙasan kwarin, gangunan ruwa a jere, buhunan sha'ir a tare, raguna kuwa ido ba ya iya ƙirga su, sun bazu a cikin hima suna ci kamar gonar ubansu. Na wani attajiri ne mazaunin unguwar Zahir a Makka, na jirgi ne ya sayo a rame, ya kawo su su yi ƙiba kafin Hajji. Shi bai damu da rijiya ba, ruwansa a mota yake zuwa.

Na gangara a guje ina ihu da Larabcina na dutse. Mai kiwon ya juyo, sai na ga tsagen fuskarsa. Bahaushe ne, Ba'adare, sunansa Sale, ya girme ni nesa. Na ce, "Haba Malam Sale! Ba ku ga duwatsun nan ba? Wurin nan a rufe yake!"

Ya ce, "Ɗan'uwa, mun gan su. Nan anka sauke mu, nan muka kiwo. Mai dukiya ya ce hukuma ta ɗebe wanga abu na hima tun da daɗewa. Haki na Allah na, kowa shi ci."

Na ce, "Mutanen nan shekara guda suna hana dabbobinsu saboda rana irin ta yau."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na sani, mu ma gida haka muka yi. Amma ni igama ba ni da ta, kai ma na san ba ka da ta. Mi kaka so in yi?"

Ban ga laifin Sale ba, har gobe. Amma maganar nan ta "ciyawa ta Allah ce" ita ke tafasa mini zuciya har yau. Wa ya ce ba ta Allah ba ce? Ruwan Zamzam ma na Allah ne, amma ba a barin mutum ɗaya ya zo da tanki ya kwashe. Ciyawar nan da ba don mutane sun danne yunwar dabbobinsu sun tsare ta ba, da babu ita. Wanda bai taɓa ɗora dutse ɗaya a iyakarta ba, shi ne ya tuna da Allah ranar da ya zo ci.

Ammi Atiyya da arifa suka yi abin da suka gada. Suka shiga garken attajirin suka kama rago ɗaya, aka yanka, mata suka ɗora shinkafa, aka aiki direban lori ya gaya wa mai dukiyar cikin girmamawa cewa ana gayyatarsa cin abinci. Su a ganinsu mutunci suka yi masa, sun ɗauke shi kamar ɗan ƙauye. Ya zo kuwa, amma da askarawan hukuma ya zo. Ni ina bayan wani dutse a laɓe saboda rashin takarda, ina kallon Ammi ya shimfiɗa darduma yana cewa "tafaddal, tafaddal", wato bismillah zauna, mutumin ko kallon tiren bai yi ba. Ya ce sata aka yi masa. Aka sa Ammi ya biya rago da rago, aka ce arifa ya biyo su gari ya yi bayani. Kafin arifa ya hau mota ya juyo ya ce wa jama'a, "Kada kowa ya shiga sai na dawo. Hujjarmu guda ce, mu ba mu taɓa ta ba. Zan je in nuna musu cewa akwai hima, kuma akwai masu kiyaye ta."

Ya tafi ya daɗe. Daga wannan ofis a tura shi wancan, a ce ya dawo gobe, a ce mai sa hannu ya tafi Jidda. Kuma ba mai buɗe hima sai shi.

A nan na yi aikin da ya fi kowane aiki ci mini rai a duniya. Tumakinmu suna jin ƙanshin ciyawa, da na sake su sai su nufi kwarin. Aikina shi ne in tsaya a kan iyaka da majajjawa ina mayar da su. Ku dubi wannan. Ragunan bare suna ci a gabansu, tazarar da ba ta fi tsawon sanda ba, ni kuma ina jefa dutse gaban tunkiyar da haƙarƙarinta ya fito ina korar ta. Su tsaya su yi ta kuka suna kallona. Sale in ya hango ni sai ya janye garkensa can ciki don kunya, iyakar abin da zai iya ke nan. Ɓari ya fara. Da safe sai in tarar da 'ya'yan a yashe a garke ba rai, kuma kowane ɗaya akwai rabona a jikinsa. Sannan iyayen suka fara kwanciya.

Maƙwabta suka gaji. Yau wannan ya saki nasa ciki, gobe wancan, suna wucewa ba sa haɗa ido da kowa. Na sami Ammi yana gyaran igiya na tsuguna na ce, "Ammi, don girman Allah. Na bare suna ci, na maƙwabta suna ci, namu ne kawai suke kallo."

Ya ce, "In na shigar da su yau, da wane baki arifa zai ce akwai hima? Za a ce masa ku ma ai kun ci."

Na ce, "To in ya dawo ya tarar babu hima babu tumaki fa?"

Ya ci gaba da murɗa igiyarsa. Can ya ce, "Ba a buɗe ba, ya Haladu."

Na ji haushinsa, ba zan ɓoye muku ba, na ji kamar in kama shi in girgiza. Amma haushin da nake ji nasa ƙarami ne a kan wanda nake ji na waɗanda suka zauna a inuwa a gari suka soke dokar da ta riƙe duwatsun nan tun kaka da kakanni, ba su hau sun ga wurin ba, ba su tambayi makiyayi ko ɗaya ba, ba su kuma kawo wata dokar a madadinta ba. Wai sun buɗe wa kowa. Ƙarya ne, mai lori suka buɗe wa. Talaka mai tafiya da ƙafa ina zai kai tunkiya mai ciki ta yi gasa da mota? Tsohon nan laifinsa ɗaya ne, ya ɗauka in ka riƙe gaskiya wani zai zo ya duba.

Ana gab da Hajji lororin suka dawo suka kwashe ragunan, sun yi ɓul-ɓul, aka gangara da su Mina. Sale ya zo ya yi mini sallama, ya bar mini ragowar sha'ir a gindin buhu, ban san ko da sanin maigidansa ba. Bayan tafiyarsu arifa ya iso, ya rame ya yi baƙi. Abin da ya samo shi ne abin da Sale ya gaya mini tun ranar farko, makiyaya ta kowa ce. Babu wanda ya tambaye shi ko mutanensa sun shiga ko ba su shiga ba.

Duk da haka ranar Juma'a ya tara dattawa, suka amince, muka ɗunguma zuwa bakin kwarin. Wurin ya zama fili fetal. An cinye ciyawa har saiwa, kofato ya niƙe ƙasa ta zama gari, ba abin da ya rage sai kashin raguna da sawun taya da gwangwanaye. Arifa ya tsaya inda ya saba tsayawa, ya ɗaga murya ya ce da sunan Allah an buɗe hima. Maƙwabtan da suka riga suka shiga duk kansu a ƙasa.

Ammi ya juyo ya ce, "Yanzu shigar da su."

Abin da ya rage mana na garke bai taka kara ya karya ba, kuma tura su nake yi da hannu. Akwai wata tsohuwar tunkiya mai baƙin kai, uwar rabin garken, ita ta fi wahalar da ni a kan iyaka duk kwanakin nan. Da ta iso tsibin duwatsun sai ta tsaya cak tana kallon hannuna, tana jiran jifa. Sai da Ammi ya kama kunnenta ya tsallakar da ita. Ta yi 'yan taku, ta sunsuna ƙasa nan, ta sunsuna can, ta durƙusa, ta kwanta a gefenta, idonta ya fara juyawa. Ammi ya zaro wuƙa daga ɗamararsa. Ya miƙo mini ya ce, "Yi sauri, ya waladi, ɗana, kada ta zama mushe."

Na juya ta alƙibla na yanka. Da muka feɗe ta babu abin da za a dafa a jikinta, a tumbinta kuwa igiya muka tarar da guntun tsumma.